Shekara Biyu Ina Ƙaryata Matata Kan Ciwon Ɓarin Kai

Gaisuwa ga Edita da dukan masu karatu. Lokacin da abin nan ya faru ni matashin maƙeri ne a garin Tambuwal, shekaruna ashirin da 'yan kai, jikina cike da ƙarfi, kaina kuwa ya fi jikin tauri. Zamanin Turawa ne, ba a daɗe da gama babban yaƙi ba, samarin da aka kai soja suna ta dawowa gida da manyan takalma da labarai iri-iri. Ƙira gadonmu ce. Maƙerarmu tana cikin zauren gida, inda kakanmu ya kafa ta, ni da yayana muke aiki tun bayan rasuwar mahaifinmu. Daga hantsi zuwa la'asar ba abin da ake ji a gidan sai bugun masaba da hucin zugazugi, hayaƙin gawayi kuwa har ɗakunan mata yake shiga. Boko sai da girma na koye shi a ajin yaƙi da jahilci, don haka a yi haƙuri da rubutuna. Abin da nake so a fara sani game da ni shi ne, a wancan lokacin ban taɓa kwanciya ciwo ba. A wurina ciwo shi ne abin da ido ya gani: jini, ko kumburi, ko jiki ya yi zafi kamar garwashi. Wanda bai nuna mini ɗaya daga cikin waɗannan ba, to, a ganina lafiyarsa lau.

Matata 'yar Kebbe ce. Mahaifinta manomi ne mai 'yan shanu, dogon mutum mai kwarjini, aminin mahaifinmu. Duk shekara kafin saukar damina yakan zo ya sayi garma da fartanya da lauje, ya kwana biyu a gidanmu. Ni kuma idan na kai kaya kasuwarsu a gidansa nake sauka, a nan na fara ganinta tana kawo mini ruwa da fura. Na so ta, ita ma ta so ni, ba wanda ya tilasta wa wani. Sai dai ana cikin shirin biki wata magana ta dawo kunnena, wai wasu danginta suna cewa yaya za a ɗauki yarinyar da ta tashi cikin nono da man shanu a kai ta gidan toka da baƙin hayaƙi. Mahaifinta bai saurare su ba, aka ɗaura aure, aka kawo ta. Amma ni na ajiye maganar a cikina, ban gaya wa kowa ba, ban kuma manta ba.

Watannin farko ban san akwai daɗi irin wannan a duniya ba. Mace ce mai fara'a, ba ta niƙa sai da waƙa, kuma in ta yi dariya sai ta rufe baki da gefen zane kamar ta yi laifi. Har gwaggona, ƙanwar mahaifinmu da ke zaune tare da mu tun rasuwar mijinta, wadda ba ta cika yabon kowa ba, sai da ta ce na yi dace. Ranar da na fara ganin ciwon, cikin bazara ne. Ta dawo daga rijiya da tulu a ka, ina tsakar gida ina alwala, sai ta tsaya tana ƙifta ido. Ta ce mini wani abu yana walƙiya a gabanta kamar rana a kan ruwa, kuma rabin fuskata ya ɓace, ido ɗaya kawai take gani. Na yi dariya, na zaci wasa ne. Kafin in dawo daga masallaci tana ɗaki a kwance, ta rataye zane a ƙofa, ta ɗaure kai tamau da ɗankwali, ta yi amai sau biyu. Ta ce gefen hagu ne, daga bayan ido har wuya, yana bugawa kamar ana sara. Ta roƙe ni in yi magana a hankali. Na taɓa goshinta, ba zafi. Washegari ta tashi a galabaice, amma kafin la'asar tana niƙa tana waƙarta kamar ba abin da ya faru.

Daga nan abin ya riƙa dawowa, wani watan sau biyu, wani sau uku. Kullum salonsa ɗaya: ba ta son haske, ba ta son ƙara, kuma warin hayaƙin gawayi yana tayar mata da zuciya. Gwaggo ta ce iska ce, aka yi mata hayaƙin turare a kasko, aka lulluɓe ta da bargo, ta fito tana kuka ciwon ya ninka. Aka karɓo rubutu ta sha. Aka kira wanzami ya yi mata ƙaho a ƙeya. Duk da haka, da lokacinsa ya yi sai ya zo. A nan ne Shaiɗan ya samu ƙofa a zuciyata. Na riƙa tambayar kaina, wane irin ciwo ne wannan da ba ya ƙin komai sai ƙarar guduma da warin gawayi? Wane irin ciwo ne yau mutum kamar zai mutu, gobe yana dariya? Sai tsohuwar maganar danginta ta taso mini. Na yanke wa kaina hukunci cewa sana'ata take ƙyama, kunya ce ta hana ta faɗa, shi ya sa ta fake da ciwon kai. Wata rana na shiga ɗakin tana kwance, na yaye zanen ƙofa haske ya faɗo mata a fuska, na ce mata ƙarya take yi, in gidan maƙera ne ba ta so ta fito fili ta faɗa. Ta kare ido da hannu, ba ta ce mini komai ba. Ni kuwa na ɗauki shirun nan a matsayin na kama ta.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda har yau in na tuna sai in ji abinci ya fita raina. Gwaggo ta kawo shawarar a yi mata lalas, wato a gasa ƙarfe a ɗora a gefen goshi inda ciwon yake, kamar yadda ake yi wa wasu cututtuka a lokacin. Ita gwaggo da zuciya ɗaya ta faɗa, magani take nema. Ni ne na ƙara nawa lissafin a ɓoye: in ciwon gaskiya ne zai warke, in kuwa ƙarya ce, wadda ta ɗanɗani ƙarfe sau ɗaya ba za ta sake ba. Da aka gaya mata, ta dube ni ta ce in dai hakan zai sa in yarda da ita, ta amince. Ni da hannuna na ƙera ɗan ƙarfen, ni na zuga wutar, ni na ɗora mata. Ta damƙe hannun gwaggo, hawaye na zuba, amma ba ta yi ihu ba. Bayan an shafa mata man shanu, sai ta ce a hankali wai zafin ƙarfen bai kai na ciwon ba. Ko wannan maganar ba ta farkar da ni ba.

Bayan lalas ɗin aka yi watanni ban ga ta kwanta ba. Na riƙa bugun ƙirji a zaure ina cewa na yi maganin abin. Ashe ɓoyewa ta koma yi. Daga baya na ji daga bakin matar yayana cewa in ciwon ya taso mata, sai ta riƙa tuƙa tuwo ido a rufe, ta zagaya bayan rumbu ta yi amai ta rufe da ƙasa, ta wanke fuska ta dawo, ta kawo mini abinci da murmushi. Ta rame, waƙar niƙa ta ɗauke, ni ban lura ba. A cikin wannan hali ta samu cikinta na fari.

Cikin yana wata biyar aka kawo mana wani babban aiki. Ana gyaran hanyar mota da ta bi ta garinmu, aka tattaro diga da shebur na lebura masu yawa da suka dakushe ko suka karye, aka ce a gyara su kafin Di'o, Baturen da ke mulkin yankinmu, ya zo rangadi. Kwana uku muna bugu ba hutawa, zauren cike da mutane, har da wakilin da aka turo ya tsaya a kan aikin. Ran na uku da hantsi sai na ji muryarta a bakin ƙofar da ta haɗa zaure da cikin gida, tana kirana ƙasa-ƙasa. Tun da aka kawo ta ba ta taɓa zuwa wurin ba in da baƙi. Na leƙa, na gan ta a durƙushe, ta dafe gefen kai da hannu biyu. Ta ce, "Maigida, don Allah da Annabi ku dakata zuwa la'asar. Wallahi yau ban iyawa." Mutanen zaure suka ji, na ga wani yana murmushi. Kunya ta kama ni, kunyar ta juye ta zama fushi. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce mata ba za a tsayar da aikin hukuma don lalacin mace ba, in shiru take so ta je ta nema inda ake sayar da shi. Na koma na ɗauki masaba, kuma Allah ya sani na ƙara wa bugun ƙarfi da gayya.

Azahar ta yi ba a kawo abinci ba. Na shiga gida da niyyar faɗa, na tarar ba ta nan, murhu a sanyaye. Aka duba maƙwabta, aka duba rijiya, ba labari. Sai wajen la'asar wasu mata masu itace suka shigo da ita a tallafe. A bayan gari suka same ta, gindin wata tsamiya kusa da fadama, a sume, inuwa ta kauce ta bar ta cikin rana, leɓɓanta sun bushe. Da ta farfaɗo ta ce ba gudu ta yi ba, wurin da ba a jin guduma ta je nema ta ɗan kwanta. Ungozoma ta zo ta duba ta, ta ce ta ga ɗan jini, in ba a kula ba cikin zai zube. Aka aika Kebbe. Bayan kwana uku mahaifinta ya iso da jaki da wata 'yar'uwarsa. Na zaci zai zage ni, da ya zage ni ma da na fi jin sauƙi. Ya dubi tabon da ke gefen goshin 'yarsa ya daɗe, sannan ya ce mini tunda dama za ta je goyon ciki gida, gara ta tafi da wuri ta huta. Ya yi mini addu'a, suka tafi.

Muka gama aikin, aka yaba, ban ji daɗin yabon ba. Gidan ya yi mini faɗi. Duk da haka girman kai ya riƙe ni fiye da wata guda ban taka Kebbe ba, ina ta gaya wa kaina cewa zafin rana ne da ciki suka kayar da ita, ba wani ciwon kai ba. Daga ƙarshe gwaggo ce ta tsare ni, ta ce ita dai hannun yarinyar nan da ta riƙe ranar lalas bai bar ta ta samu natsuwa ba, in ban je ba ita za ta je da ƙafarta. Na ɗaura wa jaki 'yar tsaraba, na kama hanya da sassafe, na kwana a wani ƙauye, na isa washegari da azahar.

Tun daga ƙofar gida gabana ya faɗi. Gidan da na sani da hayaniya, ranar ko motsi babu. Ba daka, ba kukan awaki, turmi a kife. Na yi sallama da ƙarfi kamar yadda na saba, sai surukata ta fito da sauri ta ɗaga mini hannu alamar in sassauta murya. Na zaci rasuwa aka yi. Ta ce matata lafiya lau, cikin ma ya zauna, surukina ne ciwon kansa ya tashi tun safe. Daga inda nake zaune a zaure ina hango ɗakinsa, an sauke tabarma a ƙofa an ƙara da bargo. Can sai na ji kakarin amai, sannan wani nishi mai tsawo, irin wanda na sha ji a ɗakina ina cewa na ƙarya ne. Wannan fa mutum ne da na taɓa gani da idona ya kama bijimi ta ƙaho ya kayar da shi, mutumin da ke yin huɗa daga fitowar rana zuwa azahar ba ya miƙewa.

Surukata ta zauna can gefe, ta juya mini kafaɗa kamar yadda kunya ta tanada, tana magana tana kallon ƙasa. Ta ce shekara talatin ke nan tana fama da shi da wannan ciwo, ciwon ɓarin kai suke ce masa, mahaifiyarsa ma ta yi shi har ta tsufa. Ta ce ba irin maganin da ba su nema ba. Abin da ta koya shi ne, da zarar ya ce ya ga walƙiyar nan, sai ta ba shi ruwa da ɗan kunu tun kafin zuciyarsa ta tashi, ta rufe ɗaki, ta kora awaki gidan maƙwabta, ta kai daka can ma, ta jiƙa tsumma da ruwan randa ta ɗora masa a goshi, ba turare, ba soya, ba mai shiga gaishe shi. Ta ce, "Ɗana, mu ba mu san maganin abin ga ba. Abin da muka iya, mu rage mishi wahala har shi wuce." Na tambaye ta don me ba a gaya mini tun farko ba. Ta ce laifinsu ne, kafin aure sau biyu ko uku kawai ya taɓa kama yarinyar, suka yi fatan ba zai zauna ba, suka kuma ji tsoron a ce sun aurar da mai ciwo. Ta nemi in yafe musu. Ni kuwa na san ko su ba su gaya mini ba, ita mai ciwon ta gaya mini, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba.

Washegari da hantsi surukina ya fito yana dafa bango, idanunsa sun faɗa. Ya zauna kusa da ni ya sha fura kaɗan. Bai ambaci abin da na yi wa 'yarsa ba ko da kalma ɗaya. Ya ce mini dai in ciwon ya kai matuƙa, ko ƙarar ƙuda a ɗaki jin ta yake har cikin ƙashin kansa, kuma abin da ya fi ciwon zafi shi ne washegari, in ya fita mutane suka gan shi garau, ya ga alamar tambaya a fuskarsu. Ya ce shi ya yi sa'a, a cikin gidansa ba a taɓa yi masa wannan kallon ba. Daga nan ya ce in shiga, tana ɗakin innarta.

Na same ta zaune a kan tabarma tana tsince wake, ta yi ƙiba kaɗan, cikin ya fito. Ta gaishe ni kamar yadda ta saba. Na durƙusa, abin da ban taɓa yi a gaban mace ba in ba uwata ba, na ce na gane kuskurena, ciwonta gaskiya ne, ta yafe mini. Ta ci gaba da tsintar wakenta na ɗan lokaci, sannan ta tambaye ni ko don na ga Baba jiya ne. Na so in yi ƙarya, amma na ce e. Ta gyaɗa kai ta ce, "Ashe sai da ka gani ga namiji." Ba da faɗa ta faɗa ba, muryarta a kwance take, amma ban taɓa jin maganar da ta shige ni kamar wannan ba. Can ta ture faifan gefe, ta ce ta yafe mini tun tana kan jaki ranar da aka ɗauko ta, don ba ta son ta haihu da ƙullin mijinta a zuciya. Ta ce in Allah ya sauke ta lafiya za ta dawo ɗakinta, abu ɗaya kawai take roƙo: duk ranar da ta ce ya zo, kada in nemi shaida.

Da na koma Tambuwal na gaya wa yayana cewa ko dai a fitar da maƙera daga zaure, ko ni in fita daga gidan. Ya ce maƙerar da kakanmu ya kafa ba mai tayar da ita yana raye, kuma ban ga laifinsa ba. Na nemi fili a gefen gari wajen gonarmu, inda bugun guduma ba ya kaiwa. A zamaninmu ƙane ya bar gidan ubansa yayansa na raye ba ƙaramin abu ba ne. Aka yi ta magana, wasu suka ce mace ta mallake ni, wasu suka ce an yi mini asiri a Kebbe, yayana ya yi wata uku ba ya ce mini komai sai abin da ya shafi aiki. Ina tashi daga maƙera sai in tafi in kwaɓa ƙasa. Na gina mata ɗaki mai kaurin bango da 'yar taga guda da za a iya toshewa, a ƙarƙashin wata bishiyar kanya, madafa kuma na kai ta can ƙarshen gida don hayaƙi. Ta haifi 'ya mace lafiya. Da ta gama wanka aka dawo da ita, ta shiga ɗakin ta tsaya tana saurare. Ba abin da ake ji sai kukan kurciya. Ta juyo ta dube ni, ta rufe baki da gefen zane.

Kada a zaci daga nan na zama gwani. Jinya ma koyonta ake yi, na kuwa yi kurakurai. Da farko don ɗoki sai in riƙa leƙawa ina tambayarta yaya jiki, har ta roƙe ni in daina, ta ce amsa tambayar ma wahala ce, in tana son abu za ta buga ƙwarya. Kunun da na fara dama mata gudaji ne zalla, ta sha ba ta ce komai ba, sai bayan ta warke ta zauna ta koya mini tana dariya. A hankali na fara gane zuwansa tun kafin ta faɗa: za ta yi ta hamma ba dalili, ta riƙa murza wuya, ƙaramin abu ya ɓata mata rai. Na lura doguwar tafiya cikin rana tana tayar da shi, haka jinkirin cin abinci, haka ƙamshin turare mai ƙarfi. Sai na karɓi ɗibar ruwan rana, gero kuwa in ranar ta zo in kai wa gwaggo a daka. In jaririya ta fara kuka sai in saɓa ta a kafaɗa in nufi gona da ita, in yi ta zagaya kunyoyin gonar har ta yi barci, masu wucewa suna kallon maƙeri da goyo. Na kai ta ɗakin shan magani, malamin asibiti ya ba ta wasu fararen ƙwayoyi ya ce ta sha da zarar ta ga alama. Wani lokaci suna rage mata, wani lokaci ko gezau. Da azumi ya zo na je wurin limaminmu na yi masa bayani, ya ce ranar da ya kama ta sosai ta sha ruwa ta rama daga baya, addini bai ɗora wa mara lafiya abin da ba ya iyawa ba. In ta kasa zuwa biki ko suna aka fara cewa girman kai ne, ni nake zuwa da kaina in gaya musu gaskiya, ba na barin ta da aikin kare kanta.

Akwai wani lokaci da na fi so a duk zamanmu, shi ne sa'ar da ciwon ya sake ta. Yawanci da yamma ne. Sai in ji ta ɗaga tabarmar ƙofa, ta fito a hankali tana ƙanƙance ido, ta zauna a gindin kanya ta ce yunwa take ji. In dama fura mu sha a ƙwarya ɗaya. Takan ce a wannan sa'ar komai sabo take ganinsa, ganye ya fi kore, ruwa ya fi daɗi, kamar yau aka haife ta. Ciwon bai rabu da ita ba sai da ta manyanta ta daina ganin al'ada, sannan ya riƙa ja da baya har ya zama sai jifa-jifa. Cikin 'ya'yanmu shida, ta farin ce ta gado shi. Da manemi ya fito mata, tun kafin a kai ga maganar sadaki na kira shi na zaunar da shi, na gaya masa komai game da ciwon, na kuma gaya masa abin da ni na aikata ban rage ba, na ce in ya san ba zai iya ba ya janye tun yanzu ba wanda zai zarge shi. Ya ce zai iya, kuma ya riƙe alkawari. Matata ta rasu da tsufanta, bayan gajeriyar jinya da ba ta da alaƙa da kai. Allah ya jiƙanta, ya sa haƙurin da ta yi da ni ya zame mata haske a kabari.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, har yau ina jin mutane suna cewa ai ciwon kai ne kawai. Ina jin miji yana faɗa wa mata, uwa tana faɗa wa 'ya, maigida yana faɗa wa ma'aikacinsa. Ni na koyi cewa akwai ciwon da ba ya nuna kansa a waje, kuma mai shi wahala biyu yake sha, ta ciwon da ta neman a yarda da shi. Ta farkon ba a hannunka take ba, amma ta biyun kai ne kake ɗora masa, kai ne kuma za ka iya sauke masa. Na koyi cewa zargin da na yi wa matata ba daga halinta ya fito ba, daga raunina ne, don ni ne nake tsoron a raina sana'ata. Yanzu akwai asibitoci da likitoci da magungunan da mu ba mu samu ba, ku kai masu ciwonku a duba su, kada wanda ya ƙara ɗora wa ɗan'uwansa wuta ko hayaƙi da sunan magani. Amma kafin asibiti, kafin komai, in naka ya ce maka ya zo, ka yarda tun a karo na farko. Ka rage murya, ka rufe masa haske, ka ajiye ruwa kusa da shi, ka ɗauke masa aikin ranar ba tare da gori ba. Ni an ba ni shekaru masu yawa na gyara abin da na ɓata, kuma ba don na cancanta ba. Ba kowa ake ba wa wannan damar ba.